Riɗi da Mazarƙwaila a Gidajen Indiya: Nazarin Yadda Ake Haɗa Laddu da Cikki

Tsakure

Wannan maƙala ta duba kayan zaƙin da mutanen Indiya ke haɗawa a gida da riɗi da mazarƙwaila, musamman laddu da cikki da tilkut. Ta yi bayanin lokacin da ake yin su da matsayinsu a bukukuwan ƙasar, sannan ta bi kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya, ta kawo matakan aikin da awonsu, da kurakuran da aka fi faɗawa. Abin da nazarin ya tsaya a kansa shi ne, kayan haɗin waɗannan nau'o'i kusan ɗaya ne, kuma abin da ke raba su shi ne yawan ruwan da ya rage a cikin mazarƙwaila a lokacin da aka sauke ta daga wuta. Wanda ya san auna wannan ya san ginshiƙin aikin.

Fitilun Kalmomi: Riɗi, Mazarƙwaila, Laddu, Cikki, Indiya.

1.0 Gabatarwa

A harshen Hindi ana kiran riɗi til, ana kiran mazarƙwaila gur. Daga waɗannan abubuwa biyu ne gidajen Indiya ke fitar da nau'o'in kayan zaƙi masu yawa: akwai mai laushi da ake curawa da hannu, akwai mai tauri da ke karyewa kamar gilashi, akwai kuma dakakke mai garin-gari da ke watsewa a baki. Mai koyo kan ɗauka aikin ba shi da wuya, ganin kayan haɗin ba su da yawa. Sai ya zo ga tukunya ya tarar laddunsa ya ƙi curuwa, ko ya sandare har haƙori ba ya iya fasa shi, ko kuma ɗaci ya rufe zaƙinsa. A irin wannan hali asarar ta shafi kuɗin kaya da wahalar aiki, domin riɗin da ya ƙone ba ya gyaruwa.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga waɗannan kaya. Mazarƙwailar da ake dafawa a yankunan rake irin su Maƙarfi a Jihar Kaduna ita ce gur ta Indiyawa, haka kuma kantun riɗi ɗan'uwan cikki ne na kusa. Don haka abin da za a bayyana a nan abu ne da mai karatu zai iya gwadawa da kayan kasuwarsa.

2.0 Lokacin Yin Su da Matsayinsu a Al'adar Indiya

Riɗi daɗaɗɗen amfanin gona ne a yankin. Masu binciken kayan tarihi sun sami ƙonannun ƙwayoyinsa a kufan Harappa da ke Pakistan ta yau, garin da ya bunƙasa fiye da shekara 4000 da suka shuɗe. A harshen Sanskirit, kalmar taila da ke nufin mai ta samo asali ne daga tila, wato riɗi, abin da ke nuna cewa man riɗi ne man da suka fara saninsa da wannan suna. Haka ma rake: kalmar sukari da Hausa ta aro daga Larabci, salsalarta na komawa ga kalmar Sanskirit sharkara ta hanyar Farisanci.

An fi haɗa waɗannan kayan zaƙi a tsakiyar watan Janairu, lokacin bikin Makar Sankranti na mabiya addinin Hindu. Yawancin bukukuwansu na bin lissafin wata ne, amma wannan yana bin lissafin rana, shi ya sa yake faɗowa ranar 14 ga Janairu, wani lokaci kuma 15. Kowace jiha da irin nata salon:

A Maharashtra ana raba tilgul ga 'yan'uwa da maƙwabta, mai bayarwa yana roƙon mai karɓa da ya ci zaƙi ya kuma furta magana mai daɗi. Ana ɗaukar wannan a matsayin damar binne tsohuwar gaba. A Karnataka ana haɗa ellu bella, wato gaurayen riɗi da gutsattsarin mazarƙwaila da soyayyiyar gyaɗa da busasshiyar kwakwa, ba tare da an narka komai ba. A Punjab, daren Lohri na ranar 13 ga Janairu, ana hura wuta a fili ana cin rewri da gajak da gyaɗa. A Gujarat, inda ake gasar tashin filfilon takarda a ranar bikin, cikki ne abin cin masu hawa soraye. A Assam ana yin til pitha, wato wainar garin shinkafa da aka naɗe da riɗi da mazarƙwaila a ciki. Wasu garuruwa ma sun yi suna da sana'ar: Gaya a Jihar Bihar da tilkut, Morena a Madhya Pradesh da gajak, Lonavala da ke tsakanin Mumbai da Pune kuma da cikki.

Akwai dalilai uku da suka sa wannan lokaci ya dace da aikin. Na farko, an girbe riɗin damina tun wajen Oktoba, kuma ana tsakiyar matsar rake, don haka kayan biyu duk sababbi ne. Na biyu, ilimin maganin gargajiya na Indiya da ake kira Ayurveda ya lissafa riɗi da mazarƙwaila cikin abinci masu ɗumama jiki, waɗanda suka dace da sanyi. Na uku, iskar hunturu a yawancin ƙasar busasshiya ce, kuma kamar yadda za a gani, laima ce babbar abokiyar gabar wannan kayan zaƙi.

3.0 Kayan Haɗi

3.1 Riɗi

Kusan rabin nauyin ƙwayar riɗi mai ne. Wannan mai shi ne tushen ƙamshinsa, shi ne kuma abin da ke lalacewa idan riɗin ya daɗe a ajiye cikin zafi. Saboda haka ake fara tauna 'yan ƙwayoyi kafin a saya. Idan an ji maƙaƙi ko warin tsohon mai, to ba na aiki ba ne. Ana samun surfaffen riɗi fari tas, da wanda ba a surfa ba mai launin ƙasa-ƙasa, da kuma baƙi. Wanda ba a surfa ba ya fi sinadarin kalsiyam, amma yana da ɗan ɗaci daga ɓawonsa. A arewaci da yammacin Indiya fari aka fi amfani da shi, a kudu kuwa, kamar Tamil Nadu, ana yawan cura ellu urundai da baƙi. Ko wanne aka zaɓa, wajibi ne a tsince shi, a rege idan akwai yashi, a shanya har ya bushe ƙayau.

3.2 Mazarƙwaila

Ana samun ta ne ta hanyar matse rake, a dafa ruwansa a faffaɗan kasko ana kwashe kumfa, har ya yi kauri a zuba a mazubi ya daskare. Masu sana'ar a Indiya kan zuba yauƙin kuɓewa ko na danginta domin ya tattaro dattin sama. Uttar Pradesh da Maharashtra su ne kan gaba wajen noman rake, kuma kasuwar Muzaffarnagar da ta Kolhapur sun shahara da wannan haja. Ba daga rake kaɗai ake yin ta ba: a Bengal ana dafa ruwan wata bishiya dangin dabino, a Tamil Nadu kuma ana dafa ruwan wata bishiya 'yar'uwar giginya, a sami baƙar mazarƙwaila da suke kira karupatti.

Bambancinta da farin sukari shi ne ba a raba ta da baƙin ruwan rake ba. Bayan sukuros, wanda shi ne mafi yawa, tana ɗauke da gulukos da furuktos da ɗan gishirin ma'adinai da ragowar ruwa. Wannan ya haifar da halaye biyu da mai dafawa ya kamata ya sani. Furuktos na saurin ƙonewa fiye da sukuros, don haka mazarƙwaila ba ta son wuta mai ƙarfi. Haka kuma gulukos da furuktos na janyo laima daga iska, shi ya sa abin da aka yi da ita ke yin danƙo a lokacin damina.

Wajen saye, launi kan yaudari mai koyo. Wasu masu dafawa na zuba sinadarin haidurosalfait domin hajarsu ta yi haske ta ja hankalin mai saye. Wadda launinta ya yi duhu, tsakanin ruwan zuma da ruwan ƙasa, ita ce ta fi kusa da asali. A kasuwannin Maharashtra akwai wata mai danƙo da ake sayarwa musamman domin cikki da laddu.

3.3 Sauran Kayan

Ana buƙatar soyayyen man shanu kaɗan, wanda Indiyawa ke kira gi, domin shafe hannu da faranti. Ana ƙara soyayyiyar gyaɗa da aka ɓarza, da garin kadamom da suke kira ilaici, wanda dangin citta mai 'ya'ya ne. Wasu kan sa garin busasshiyar citta a madadinsa.

4.0 Matakan Dahuwar Mazarƙwaila

Tsantsar ruwa na tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas a gaɓar teku, kuma ba ya wuce nan komai ƙarfin wuta. Idan akwai sukari narke a cikinsa, zafin tafasar na hawa gwargwadon yadda ruwan ke ƙonewa. Ke nan zafin narkakkiyar mazarƙwaila alama ce ta yawan ruwan da ya rage mata, yawan ruwan kuma shi ne ke yanke hukuncin taurinta bayan ta huce.

Matan Indiya ba su dogara da ma'aunin zafi ba. Sukan ajiye ƙaramin kwano da ruwan sanyi kusa da murhu, su riƙa ɗiga narkakkiyar a ciki suna taɓawa da yatsa. Ga abin da ake gani:

Mataki na farko: ɗigon na narkewa ya bi ruwa. Dahuwa ba ta yi ba.

Mataki na biyu: ɗigon na zama a gindin kwano, ana iya mulmula shi da yatsu ya zama ɗan curi mai laushi da ke lotsewa idan an danna. Wannan na faruwa tsakanin digiri 112 da 116, kuma a narkakken farin sukari ruwan da ya rage a nan kimanin kashi 15 cikin 100 ne. Shi ne matakin laddu mai laushi.

Mataki na uku: curin na yin tauri yana riƙe siffarsa, amma yana da danƙo a haƙori. Wannan tsakanin digiri 121 da 130 ne. Laddun da aka yi a nan yana da tauri, yana kuma daɗewa a ajiye.

Mataki na huɗu: ɗigon na sandarewa nan take, idan an lanƙwasa shi ya karye ƙas, idan an jefa shi a farantin ƙarfe ya yi ƙara. Wannan tsakanin digiri 146 da 154 ne, ruwan da ya rage kuma bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Shi ne matakin cikki. Da zarar an wuce nan, ƙuna ce da ɗaci.

Abu biyu ne ya kamata a lura da su. Na farko, tafiyar ba daidai take ba: da fari zafin na hawa a hankali, amma da ruwa ya ragu sai ya riƙa tsalle, har tazarar da ke tsakanin mataki da mataki ta zama ta ƙasa da minti ɗaya. Don haka ake janye tukunya daga wuta a duk lokacin da za a yi gwaji. Na biyu, waɗannan alƙaluma na gaɓar teku ne. Zafin tafasa na raguwa da kimanin digiri 1 a kowace mita 300 ta tudu. A gari irin Shimla da ke kan tsaunukan Himalaya ruwa na tafasa a wajen digiri 93. Gwajin kwanon ruwa kuwa ba ruwansa da tudu ko kwari, wannan ne ya sa ya fi aminci ga mai aikin gida.

5.0 Hanyoyin Haɗawa

5.1 Suyar Riɗi

Ana zuba riɗi a busasshen kasko mai kaurin gindi, ba mai ba ruwa, a kan matsakaiciyar wuta, ana juyawa ba tsayawa. Cikin minti 4 zuwa 6 zai fara tsalle yana ƙara, ƙamshinsa ya tashi, launinsa ya ɗan juya. Nan take ake juye shi a faranti a baza, domin zafin kasko na ci gaba da soya shi ko an kashe wuta. Idan riɗin na da yawa, gara a soya shi kashi-kashi.

5.2 Laddu

Awo: riɗi giram 250, mazarƙwaila giram 200, ɓarzajjiyar gyaɗa giram 50, man shanu babban cokali 1, ruwa babban cokali 3, garin kadamom rabin ƙaramin cokali. Wannan na ba da curi kimanin 20 masu nauyin giram 25.

Ana kankare mazarƙwaila ko a farfasa ta ƙanana, a zuba ruwan a ɗora a wuta kaɗan har ta narke. Sai a tace ta da rariya mai laushi domin raba ta da yashi da ɓurɓushin rake, a mayar tukunya tare da man shanu. Yawan ruwan da aka zuba da farko ba ya sauya sakamako, tsawon dahuwa kawai yake ƙarawa, tun da dole ya ƙone kafin a kai matakin da ake nema. Ana ci gaba da dafawa ana gwaji har a sami curi mai laushi. Daga nan a kashe wuta, a juye riɗi da gyaɗa da kadamom gaba ɗaya, a gauraya da muciya har kowace ƙwaya ta shafu.

Ana barin haɗin ya sha iska na minti ɗaya ko biyu, daidai yadda hannu zai iya jure shi, sai a shafa man shanu ko ruwa a tafi a fara curawa. A nan karin maganar nan ta da zafi-zafi ake dukan ƙarfe ta yi daidai, domin da ya huce ba ya haɗuwa. Wannan ne ya sa a gidajen Indiya ake taruwa mutum biyu ko uku a kan tukunya ɗaya. Idan ya sandare kafin a gama, ana mayar da tukunyar kan wuta kaɗan har ya saki.

5.3 Cikki

Awo: riɗi giram 200, mazarƙwaila giram 200, man shanu ƙaramin cokali 2. Kafin a kunna wuta ake shirya wurin zubawa, a shafe bayan faranti ko allon katako da mai, a shafe icen murza fulawa ko kwalba mai santsi. Ana dafa mazarƙwaila kamar yadda aka bayyana, sai dai a kai ta mataki na huɗu. Ana zuba riɗi a gauraya cikin gaggawa, a juye a kan allo, a murza har kaurinsa ya koma kimanin rabin santimita. Tun yana da ɗumi ake tsaga shi da wuƙa gida-gida. Idan ya huce sarai sai a karya shi bisa tsagar.

5.4 Dakakken Haɗi

Wanda bai riga ya saba da gwajin ruwa ba yana da hanya ta uku da ba ta buƙatar narka komai. Ana daka soyayyen riɗi a turmi sama-sama har ya fara fitar da mai, a zuba kankararriyar mazarƙwaila mai laushi a ci gaba da daka har su kama juna, sannan a cura. Man riɗin da danƙon mazarƙwailar su ke riƙe curin. Wannan shi ne mafi laushi, ya kuma fi dacewa da tsofaffi da yara. Tilkut na Gaya ma da daka ake yin sa, sai dai masu sana'arsa, kamar masu gajak na Morena, sukan fara dafa zaƙin su ja shi a maratayi har ya yi haske ya cika da iska, kafin su buga shi da riɗi. Wannan aiki ne na ƙarfi da ƙwarewa da ba kasafai ake yin sa a gida ba.

6.0 Kurakurai da Dalilansu

Laddun da ya ƙi curuwa, ko ya baje bayan an ajiye, an sauke mazarƙwailarsa kafin ta kai mataki na biyu. Ana iya mayar da haɗin kan wuta kaɗan na minti ɗaya ko biyu. Wanda ya yi tauri fiye da kima an wuce da shi. Maganinsa a farfasa shi a ci a matsayin cikki. Cikkin da ke manne wa haƙori maimakon ya karye bai kai mataki na huɗu ba. Ɗaci kuwa daga ɗayan uku yake: tsohon riɗi, ko ƙonannen riɗi, ko mazarƙwailar da ta kama gindin tukunya. Tsakuwa a baki alama ce ta an tsallake regaya ko tacewa. Idan aka duba, mafi yawan waɗannan matsaloli na komawa ne ga lokacin sauke tukunya.

7.0 Ajiya da Kiyaye Lafiya

Ba a rufe kayan sai sun huce sarai, domin tururin da ya maƙale a mazubi zai jiƙa su. Ana ajiye su a gwangwani ko kwalba mai murfin da iska ba ta shiga, nesa da rana. A busasshen yanayi cikki da laddu mai tauri kan yi makonni, dakakke kuwa gara a cinye shi cikin 'yan kwanaki.

Narkakkiyar mazarƙwaila a digiri 150 ta fi tafasasshen ruwa illa, domin tana mannewa a fata. Ba a ɗanɗana ta daga muciya, ba a kuma barin yara kusa da murhu. Haka nan, ɗan ma'adinan da ke cikinta bai fitar da ita daga sahun sukari ba. Tana ɗaga sukarin jini kamar yadda fari ke yi, don haka mai ciwon sukari ba zai ɗauke ta madadin da ba shi da haɗari ba. Akwai kuma mutanen da jikinsu ba ya karɓar riɗi ko gyaɗa, ya kamata a sanar da wanda za a ba abin da ke cikin haɗin.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa laddu da cikki da dangoginsu sun tsiro ne daga haɗuwar kakar riɗi da ta rake da sanyin Janairu, kuma kowane yanki na Indiya ya ba su suna da siffa irin tasa. Ta kuma nuna cewa ingancinsu ya rataya ne a kan sabon riɗi da aka soya daidai, da tatacciyar mazarƙwaila, da sanin matakin da za a sauke ta. Abin da ya fi dacewa ga mai koyo shi ne ya fara da mazarƙwaila giram 50 ita kaɗai, ya dafa ta yana ɗigawa a ruwan sanyi har ya ga matakan nan huɗu da idonsa ya taɓa su da yatsansa, kafin ya kawo riɗinsa kusa da tukunya.